Gwangwanin da Ke Saman Shatin Ruwa

Har na tsufa ba zan manta da wata Asabar da muka yi a fadamar hanyar Auyo ba, lokacin ina ƙaramar sakandare. Malamarmu ta labarin ƙasa ce ta koya mana wani wasa: wani zai ɓoye ɗan gwangwani, ya sa lambobin wurin a intanet, ku kuma ku bi taswirar waya ku nemo shi. Mun sha fita, ba ma dawowa da komai sai taɓo a siket. Ran nan Umma ta ce, "In yau ma haka kuka dawo, yawon nan ya ƙare." Ni kuwa, da kunyata, shi kaɗai ke fitar da ni daga ɗaki.

Wayar tana hannun yayata. Kibiyar da ke kan taswirar ta kai mu gindin wata tsamiya a bakin kogi, daga nan ta rikice. Ta nuna gabas, mu ruga, ta juya ta nuna cikin ciyawar kacala. Ƙawar Yaya tana tonon saiwa da kara tana mita.

"Wayar nan taki baƙuwa ce, ba ta san Haɗeja ba!"

"To kawo taki mana, tunda 'yar gari ce," in ji Yaya.

Malama ta ce da an kira la'asar za mu juya. Na kasa tsayawa wuri ɗaya, sai zagaya bishiyar nake ina murɗa bakin hijabina. A nan idona ya faɗa kan shatin laka a jikin tsamiyar, daidai kafaɗata, inda ambaliyar damina ta tsaya. Duk wanda ya san fadama ba zai ajiye abu ƙasa da nan ba. Na ɗaga kai. Ga wani kogo a jikin bishiyar an toshe bakinsa da dutse, alhali duk wurin babu ko tsakuwa.

Da ƙyar na ja hannun Yaya.

"Yaya, ku bar tonon. Yana sama."

"Me? Ɗaga murya mana!"

Na nuna da yatsa. Malama ta ce a fara zungura kara saboda kunama. Yaya ta ɗaga ni, na janye dutsen, na zaro gwangwanin madara. Na ɗauki awarwaron da ke ciki, na bar ribom ɗina ga mai zuwa, kamar yadda dokar wasan take. Awarwaron na miƙa wa Umma kafin in cire takalmi.

Ga duk sabon shiga da ya fara gajiya: kowa da dawowa hannu wofi ya fara. Waya kusa kawai take kai ka. In kibiya ta fara rawa, sa ta aljihu, ka tambayi kanka inda kai za ka ɓoye. In kuma ka ga abu, ka faɗa, ko da muryarka na rawa.