Matar da Ke Zuba wa Tsoro Dalma

Duk wanda ya firgita a ƙauyenmu, ko kare ne ya bi shi ko gawa ya gani, gidan Stamena ake kai shi. Sai ta zaunar da mutum ta lulluɓa masa jan mayafi, ta narka dalma a ludayin ƙarfe, ta riƙe kwanon ruwa a bisa kansa ta juye. Idan dalmar ta daskare da ƙayoyi, tsoron na nan, idan ta fito sumul ya tafi. Daga nan ka kurɓi ruwan sau uku, ka shafe fuska, ka kama gabanka. Kakarta ce ta raɗa mata kalmomin aikin, tun kafin wutar lantarki ta iso wannan gefen na kogin Timok.

Amma fa kada ka kuskura ka ce mata bokanya, don sai ta wanke ka tas. Mace ce mai azumin Laraba da Juma'a. Tana budurwa wani tsohon ɗan zuhudu ya koya mata addu'ar numfashi: in ta ja iska ta ce "Ya Ubangiji Yesu", in ta saki ta ce "ka ji tausayina". Ya ce mata in mutum ya daɗe a kai, addu'ar kan sauka daga baki ta zauna a zuciya, har wani haske ya bayyana a can ciki. Ita dai ba ta taɓa ganin hasken ba, amma ba ta daina ba. In tana aikin dalma, kalmomin kaka na leɓenta, addu'ar na numfashinta, kuma ba ta ga inda suka saɓa ba. Fada Gavrilo, limamin cocinmu, shi ya gani. Ya hana ta karɓar Jibin Ubangiji sai ta ajiye ludayi. Abin ya ci mata rai ƙwarai, amma ta ƙi, saboda Radisav.

Radisav mijinta ne. Ramin haƙar ma'adinai ya rufta da shi, ya yi kwana biyu a ƙarƙashin ƙasa kafaɗa da kafaɗa da gawar abokinsa. An ciro shi ko ƙwarzane babu, sai dai ko ƙofa aka buga sai ya hau rawar jiki. Likita ya ba shi ƙwayoyi, a banza. Ranar da Stamena ta zuba masa dalma ya sha ruwan, ya yi barci kamar jariri. To, shi ke nan, kowace Asabar sai an zuba, har shekara goma sha tara.

Sai ciwon ciki ya fara murɗa shi. Ya koma mai faɗa, ga mantuwa. Hannunsa na dama ya langwaɓe daga wuyan hannu, ko cokalin wake ba ya iya kaiwa baki. Stamena ta ce tsoron ne ya yi jijiya, ta mayar da aikin sau biyu a mako, daga baya sau uku. Dalmar harsashin da take narkawa ta ƙare, ta koma fasa tsohon batirin mota.

'Yarsu Leposava tana aikin gwajin jini a wani asibiti a birni. Da ta zo ganin gida ta ɗaga leɓen mahaifinta, ta ga wani shuɗin layi kwance a dasashinsa. Ta ɗebi jininsa ta tafi. Bayan kwana tara ta dawo da takarda.

Stamena na tsinke barkono a tsakar gida, ta tambaye ta yadda suke gane abin da ke cikin jini. Leposava ta ce ɗigo ɗaya ake ƙonawa a na'ura, a haska masa fitila, kowane ƙarfe da irin hasken da yake shanyewa. Tsohuwa ta bushe da dariya.

"Ashe sana'armu ɗaya! Ke ma wuta kike sa wa abu ki karanta. Ni an kore ni daga coci, ke an ba ki farar riga."

"Mama, dalma ce," in ji Leposava. "Jinin Baba cike yake da dalma."

Stamena ta ce ai dalma a kwano take zama, ruwan kawai yake sha. Leposava ta sunkuyar da kai ta ce ruwan ne, da hayaƙin ludayin. Tsohuwa ta ajiye barkonon. Ta shiga lissafa Asabar ɗin shekara goma sha tara da yatsunta, yatsun suka ƙare ba ta kai ko'ina ba.

Aka kwantar da Radisav a asibiti, aka sa shi a magani. Likita ya ce dafin zai ragu a jinin, hannun kuwa kada a sa rai. Leposava ta tattara duk dalmar da aka miƙa mata ta tafi da ita. Fada Gavrilo ya ce wa Stamena ta zo ranar Lahadi ta karɓi Jibi, ta je ta karɓa, ta dawo gida ba ta ji komai ba sai ɗaci.

Sati uku da sallamo shi, wata babbar mota ta sauke duwatsu a bakin hanya da rana tsaka. Radisav ya faɗi ƙasa yana kare kansa da hannun hagu, yana kiran sunan abokinsa da ya mutu. Stamena ta ja shi ɗaki, ta lulluɓa masa mayafi. Ta gutsuro kyandir ɗin coci, na kakin zuma, ta narka a ludayi ta juye a kwanon da ke bisa kansa. Ita dalma in ta faɗa ruwa sai ta yi ƙara, tas, kamar an harba ƙaramar bindiga. Kaki kuwa ya bazu a kan ruwan shiru.

"Tsohuwa, kin zuba?"

"Na zuba."

"Ban ji ba."

Mayafin na ta karkarwa. Can Radisav ya ce, a hankali, da murya irin ta mai cikakken hankali: "Na ji duk abin da Leposava ta faɗa, ba kurma ba ne ni. Hannun ai ya riga ya tafi. Ramin ne ba na so in koma. Ki zuba mini ta gaske."

Stamena ta juya ta dubi murhu. Garwashin bai mutu ba tukuna, kuma a bayan tulun da take jiƙa kayan lambu su yi tsami akwai wani dunƙulen dalma da ba ta miƙa wa Leposava ba.