Shuni a Gemun Mai Shari'a

Lokacin kullen korona, muna zaune a ƙasar waje, a gidan haya a unguwar Setapak, na tarar 'yata ta barbaɗa hoda a murfin tukunya tana leƙe. Wai a darasinsu na waya an ba su labarin waɗanda suka fara kama ɓarayi da zanen yatsa, ita ma gwadawa take. Murfin nan ne ya mai da ni Kano, gidan kakanninmu.

Ka san naman layya: a soya shi ƙarau, a cika kwalla, a tura ƙarƙashin gado. To, wata shekara namu ya kama raguwa. Zargi ya faɗa kan yayana, don kawai shi ne mai kumatu. Kakanmu namiji ya ce gobe da hantsi zai yi shari'a, har ya sa aka yanko tsumagiya.

Kakarmu kuwa sai ta fita. Ta samo shuni a marina, ta kwaɓa da man gyaɗa, ta shafe bakin murfin, ta mayar da kwallar inda take.

Da hantsi aka jera mu a tsakar gida, rana na dukan ƙeya. Tsoho ya hau kujera yana wa'azi a kan amana, yana shafa farin gemunsa. Idonsa dama ya yi rauni.

"Kowa ya buɗe hannu," in ji kakarmu.

Muka buɗe, tas. Yayana sai satar kallon tsumagiya yake. Can wata gwaggonmu ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Ashe duk shafa ɗaya, gemun nan sai ya ƙara shuɗi.

"Malam, saura naka," in ji kakarmu.

Ya kai yatsunsa daf da ido, ya daɗe yana kallo. "Ɗanɗanawa nake yi, kada ya lalace muku."

Ya kwana biyu yana zuwa masallaci da rawani har haɓa.

Kakannin nan namu duka sun rasu, Allah ya jiƙansu. Nan kuwa tapau muke yi a kedai, wato mu sayo abinci a shago a ƙunso mana, kowa da robarsa, ba mai taɓa na wani, ba kuma mai tara yara a tsakar gida. Ranar da na ga 'yata da murfin, na kira yayana, mai jikoki yanzu, na tuna masa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Ka san har yau ba wanda ya ba ni haƙuri?"