Kafso a Ruwan 'Yan Tsaki

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi kaji sun riga mu zuwa. Lokacin da aka kawo Inna, mahaifiyarmu, Kano daga ƙauyensu, kakarmu ta cusa mata wata kaza wake-wake a kwando, ta ce ta riƙe ko ta riƙa jin muryar gida. Duk kazar da na taso na gani a tsakar gidan nan zuriyar waccan ce. Ba wani kyau ne da su ba. Ƙanana ne, ga rashin kunya, har falo suke shiga su ɓata wa Baba tabarma. Amma Inna takan ce su ne danginta na kusa a garin nan.

Tana da wata al'ada. Duk jikan da aka haifa mata, ranar da ya fara tafiya sai ta kamo sagara, wato budurwar kaza, ta ɗora hannunsa a bayanta ta ce, "Ga taka." 'Ya'yan yayana na Hotoro sun samu, na ƙanwata a Darmanawa ma haka. Wasu an yanka da Sallah, wasu muzuru ya yi gaba da su, bai dame ta ba. Ita dai ta bayar.

Ni ce na daɗe ban haihu ba. Shekaru na yi a ɗakina a Tarauni ina zuwa sunan 'ya'yan mutane ina dawowa da cincin a jaka. Inna ba ta taɓa ce mini uffan ba, sai dai duk ƙyanƙyasar da aka yi takan nuna ɗaya da haɓa ta ce, "Waccan ta ɗan wata ce." Ni kuma in yi kamar ban ji ba.

Da Allah ya kawo 'yata, shekarar ta zo wa kajin a karkace. Wata annoba ta bi unguwar ta share akurkai, aka bar Inna da tsohuwar kaza tilo. Wani zakaran maƙwabta da ya tsira ya yi abin kirki, tsohuwar ta yi ƙwai, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe daidai shigowar bazara. Lokacin 'yata ta fara dafa kujera tana miƙewa.

Wanda ya san bazarar Kano ya san yadda kaji ke shan ta: baki buɗe, fukafukai a sake, suna haki kamar sun yi tsere. A da, Inna barin uwa take da 'ya'yanta su yi tono a gindin randa inda ƙasa ke da laima, wanda ya rayu ya rayu. Wannan karon tsoro ya kama ta. Ta kwashe 'yan tsakin daga uwarsu ta zuba a kwali cikin ɗakinta, ta shimfiɗa musu tsumma mai tsabta, tana canzawa safe da yamma. Ruwansu ma sai ta tafasa. Sannan ga kafso, ja-da-yalon nan da ake saya a kemis. Duk matan unguwar sun san shi: kaza ta yi laushi, a ɓare ɗaya a kaɗa mata a ruwa. Inna ba ta jira sun yi laushi ba, kullum sai ta kaɗa.

Uwar kuwa tana zarya a ƙofar ɗakin tana kira.

"Ke tafi can," in ji Inna, "ke da za ki kai mini su bakin kwata."

Na je na tarar da hidimar nan na yi dariya. Na ce, "Inna, mu ma da kika haifa ba mu ga wannan gatan ba."

Ta ce, "Ku ai da yawa kuka zo."

Ba a jima ba suka fara zawo, farin kashi na manne musu a baya. Ta ƙara kafso. Suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, tana ƙarawa. Da ya rage saura ɗaya mai ɗan motsi, ta kira ni a waya da muryar da ban san ta da ita ba, ta ce in zo in kai ta wurin likitan dabbobi.

Muka hau adaidaita sahu, tsakon na naɗe a gefen mayafinta, zuwa wani shagon magungunan dabbobi kusa da gidana. Likitan mutum ne mai haƙuri, ya saurare ta har ƙarshe. Sannan ya ce a cikin hanjin kowace kaza akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, kuma yawancinsu ba cuta ba ne, su ke taya ta narkar da abinci, su tare wa masu cutar wuri. Tsako ba ya fitowa daga ƙwai da isassu. A wurin uwarsa yake samu, in yana binta yana tsattsagar ƙasar da take takawa, har da kashinta. Zafi da ma yana raunana hanjin, in ji shi, kafso kuma ba ya tambayar wane ne na kirki, duka yake kashewa. In wurin ya zama fili, mugu ne ke fara shiga.

Ina ta yi masa ido ya tsaya, bai gani ba.

Inna ta ce, "Ɗana, wato da na bar su da uwarsu a cikin ƙazantar nan, da sun rayu?"

Ya ce, "Hajiya, rai na Allah ne. Amma da sun fi haka ƙarfi."

Gaskiya ya faɗa, kuma cikin ladabi. Amma har yau ina cewa da ma bai iya Hausa ba, da ni zan fassara mata, in ce annobar ce ta dawo.

Muna komawa ta ajiye tsakon a gindin randa kusa da uwarsa. Kazar ta karkata kai ta dube shi, ta kai masa sara. Ta manta da shi. Bai kai washegari ba. Ita ma tsohuwar ba ta sake ƙwai ba, kafin ruwan farko ya sauka aka tsince ta a bayan randa ta sandare. Inna da kanta ta kife akurkin.

A tsakar gidan nan 'yata ta fara tafiya, wata ranar Juma'a bayan an ɗauke ruwa. Ta saki zanina ta nufi Inna tana tangaɗi. Inna ta yi guɗa, sai na ga idonta ya zagaya tsakar gidan kamar yadda ta saba, gindin randa, bayan turmi, ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Yayana ya ce bari ya aika kasuwa a sayo sagara yanzun nan. Ta girgiza kai. Ta ɗauki yarinyar ta ɗora a cinya, ta riƙe ɗan hannunta, ba abin da za ta ɗora shi a kai.

"Na kowa a ƙasa na sake, Allah ya raya," ta ce. "Taki ce kaɗai na tsare. Ki yafe wa kakarki."

Inna ba ta sake kiwo ba har ta bar duniya. Yanzu yarinyar ta shiga makaranta. Kwanaki ta ji 'yan uwanta suna gardamar kazar wa ta fi yawan ƙwai, ta zo ta tambaye ni ina tata. Na ce ba ta samu ba. Ta ce ko Inna ba ta son ta ne. Na ce a'a, ke ce aka fi so, shi ya sa.