Zumar da ta narke a gaban mata

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Ƙamshin zuma ne ya tono mini wannan.

Babana mai zuma ne. Yakan ɗora amya a kan tsamiyoyin Sandamu, in ta cika ya sauke ya kai kasuwar Mashi. Ban taɓa jin ya rantse ba. In mai saye ya yi shakka, sai ya ɗiga zumar cikin ƙwaryar ruwa. Ta nutse, ta kwanta a dunƙule, ba ta narkewa. Shi ke nan maganarsa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ɗan ƙanena ya karɓi sana'ar. Ya koma zubawa a kwalba da takarda manne, sunan babana a sama, wata kalma a ƙasa. Jikata ta karanta mini: orijinal.

Na ce, "Mene ne kuma haka?"

Ta ce, "Turanci ne, Kaka. Abu na ainihi, wanda ba jabu ba. A bakin masu kayan babur muka fara jinta, yanzu har atamfa da ita ake yabo."

Na ji daɗi. Na ce ashe Turawa ma sun san halin babana.

Ranar sunan ɗan jikar nan, ɗan ƙanen nawa ya kawo kwalba ɗaya. Tsakar gida cike da mata. Na so su ga gadon gidanmu, na sa aka kawo ƙwaryar ruwa, na ɗiga. Innalillahi! Zuma ta watse, ruwa ya koma kamar shayi. Na sake ɗigawa. Haka dai.

Wata maƙwabciya ta ce, "Hajiya, ko ruwan ne ba orijinal ba?" Aka kwashe da dariya.

Na sa aka kira shi zaure. Ko kansa bai sunkuyar ba.

"Gwaggo, sukari ne kaɗan. Yanzu wa ke gwadawa? Takardar ake karantawa."

"Da sunan ubana?"

Na sa farce na kankare sunan, na miƙa masa kwalbarsa da kalmarsa.

Yanzu shi yana Daura, shagonsa ya bunƙasa, sunan kansa yake mannawa. Jikata malamar makaranta ce a Baure. Maƙwabciyar ta rasu, Allah Ya ji ƙanta. Amyar babana gara ta cinye. Ni kuwa, duk wanda ya ce mini orijinal, ƙwarya nake nema.