Gaskiyar da na ɓoye a bayan littafi

Shekarun baya, ina koyar da 'yan aji biyu a Islamiyyar ƙauyenmu, aka kira mu bita a Minjibir. Ni bokona a firamare ya tsaya, sauran karatun a gaban mahaifina na yi shi. Kafin mu tafi, shugaban makarantarmu ya ce, "Bayan bitar nan za a duba. Wanda aka ga bai iya ba, a ba mai takarda ajinsa." Duk cikinmu ni kaɗai ce ba ni da takardar malanta. Bai kalle ni ba, amma na san da wa yake.

A wajen bitar, Hajiyar da ke horar da mu ta raba mana littafin rubutu. Ta ce mu koma azuzuwanmu, kullum aka tashi mu rubuta abin da muka koyar, da abin da ya ƙi, da abin da za mu sake. Bayan sati shida a kawo mata.

Abin da ya ƙi! Wato in rubuta hujjar korata da hannuna. Sai na fara: "Yau mun yi lissafi. Yara sun gane. Alhamdu lillahi." Washegari ma haka. To amma ni mutum ce da ko allurar maƙwabciya ta wuni a ɗakina sai in rasa sukuni. Yara ba su gane ba, ni kuma na rubuta sun gane. Na yi ta istigfari, zuciyata ta ƙi kwanciya.

Sai dabara ta zo mini. Na juya littafin, na riƙa rubuta gaskiya daga baya, da ajami. Na ce a raina, Hajiya 'yar boko ce, mai tabarau da mota, za ta ɗauka addu'o'i ne. Ga shi na faɗi gaskiya, ga shi ba wanda ya ji.

Can na zazzage komai. Cewa damina ce, rabin yaran daga gonar gyaɗa suke zuwa, suna zama sai gyangyaɗi. Cewa idan ruwa ya sauka a kan kwanon ajin, na baya ba sa jin muryata, ni kuma ina ta yi musu tsawa. Cewa na sa su ƙirga da tsakuwa don barci ya sake su, ranar farko suka koma jifan juna, sai da na raba su biyar-biyar abin ya zauna.

Ranar da muka koma, Hajiya ta duba gaban littafina, ta ɗago.

"Malama, ke yaranki kullum sun gane? Ko 'ya'yan aljanu aka ba ki?"

Aka kwashe da dariya. Ta juya littafin za ta miƙo mini, sai ta tsaya. Na ga leɓenta yana motsi. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

"Hajiya, don Allah a rufa mini asiri."

"Wane asiri? Ni ma sai da na sauke kafin a kai ni boko. Tun safe nake karanta sun gane, sun gane. Sai yanzu na ga aji. Tashi ki karanta mana wajen tsakuwar nan."

Na tashi na karanta. Da na gama, wani malami mai takardu har biyu ya ɗaga hannu. "Malama, da suka fara jifan, ya kika yi? Don ni ma na gwada tsakuwar, nawa har yanzu jifan suke." Aka sake dariya, har da ni a ciki.

Bayan kwana biyu shugabanmu ya kira ni. Na je. Ya ce, "Ajinki yana nan. Amma Hajiya ta ce ki daina ɓata gaban littafi."

Ba zan ce fargaba ta bar ni ba. Har yau in aka ce mai duba makarantu zai zo, sai na sa a share aji sau uku. Sai dai na gane yawan tuhumar kaina da nake ɗauka ciwo ne, in na zuba shi a takarda aiki yake yi mini. Jiya ma darasin alwala ya watse, yara suka jiƙe juna sharkaf. Na rubuta shi yadda ya faru, a ƙasa na sa: gobe buta ɗaya, layi ɗaya.