Gilashin Jamus da Idon Malam Inuwa

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, an idar da la'asar, a shagon hoto na maigidana Alhaji Sabo da ke bakin tashar Gwarzo. Mu uku ne a ciki: shi, da ni, da wani direba da ya zo karɓar hoton fasfo. A wannan sa'ar na fara riƙe gilashin kyamara ɗan Jamus a hannuna. Daga nan zan fara, domin daga nan lalacewata ta taso, kuma ina so ku matasa ku bi maganar daki-daki yadda ta faru.

Kafin ranar ni ba ɓarawo ba ne. Ɗan manomi ne daga Lakwaya. Na gama firamare, na yi izu kaɗan a makarantar allo. Da zamanin ostariti ya kama, aikin gwamnati ya ƙare, taki ya gagari talaka, sai mahaifina ya riƙo hannuna ya kawo ni wurin Alhaji in koyi sana'a.

Gilashin da nake faɗa shi ne wanda ake ɗaurawa a gaban kyamara, masu hoto na ce masa lensi. Na Alhaji yana da nauyi, jikinsa ƙarfe ne, ga rubutun Turawa zagaye da bakinsa a kan wani siririn zobe. Ba ya saita kansa. Sai ka murɗa shi da hannu kana leƙawa har fuskar mutum ta fito tar.

Direban ya tambayi kuɗinsa. Alhaji ya ce, "Ya fi tayoyin motarka huɗu."

Ya ce, "Kai Alhaji! Har da aljanu yake ɗauka?"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, wannan ba ya ƙarya. In hoto ya yi kyau, hannunka ne. In ya ɓaci, hannunka ne."

Shi nasiha ya yi mini. Ni kuma abin da na ji daban ne. Na ji cewa akwai hajar da in ta ɓaci ba mai zargin wanda ya sayar da ita.

Na kuma lura da wani abu. Gilashin nan a nannaɗe yake cikin akwati, sai shekara-shekara ake fito da shi. Aikin kullum, fasfo da suna da walima, da wani ɗan Japan mai araha muke yi, kuma ban taɓa ganin wanda ya dawo da hoto ya ce bai ga aikin Jamus a ciki ba.

Mataki na farko ƙarami ne. In Alhaji ya aike ni wurin suna fim ya ƙare, sai in ci gaba da haska wa mutane filasha, kyamara ba komai a cikinta, ina karɓar kafin alƙalami. In sun zo neman hoto in ce ya ƙone a wurin wanki. Mataki na biyu, na fara sayar da fim ɗin shago a ɓoye. A na uku Alhaji ya gane. Bai zage ni ba. Ya ce, "Ajiye mini makulli, ka gaida Baba." Na kasa komawa Lakwaya, na wuce Kano.

A Kano na faɗa hannun masu gyaran kyamara na gwanjo. A nan na ga ana zubar da matattun gilasai: wani fumfuna ta cinye cikinsa, wani ya faɗi ya goce. Na ga kuma zoben rubutun nan ana iya cire shi daga fasasshen ɗan Jamus a manna wa ɗan Rasha. Sai na riƙa sayen masu fumfuna, in kwance, in goge, in mayar. Ban iya mayarwa daidai ba, don haka kusan duk wanda na taɓa ba ya ƙara fitar da hoto garau. Amma a 'yar tagar kyamara ba a gane wannan. Sai an wanke hoto gaskiya take fitowa.

Lokacin ya taimake ni. Sabon kaya daga waje ya yi wuya, kowa ya koma gwanjo. Ga kuma ƙananan kyamarori masu saita kansu sun shigo, samari suna yawo da su gidajen suna suna ƙwace wa tsofaffin masu hoto ciniki. Tsofaffin nan suna jin haushi, ni kuma da haushinsu nake shiga. In ce, "Baba, waccan ai kyamarar yara ce. Irinku sai na hannu."

Na kafa wa kaina dokoki uku. Ta farko, ba na sayarwa da araha, domin mutanenmu sun yarda araha ba ta ado, tsadar ita ce shaidata. Ta biyu, kullum da labari: wani Bature mai aikin dam ne ya bar wa kukunsa. Ta uku, kuma ita ce mafi muni, dole mai saye ya ba ni tsohon gilashinsa a cikin ciniki. Shi yana ganin rangwame na yi masa. Ni kuwa na raba shi ne da abin da zai gwada ya gane.

Shekaru na yi a haka. Ban taɓa kwana da kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya tsawaita mini gaisuwa sai in ɗauka wani ne ya turo shi. Ba na sauka tasha ɗaya sau biyu a jere.

Yanzu na zo kan Malam Inuwa mai hoto na Getso.

Dattijo ne mai tsabta, ba ya ɗaukar mutum sai ya gyara masa zaman hula. Ya san mahaifina, shi ya sa yake ce mini ɗana. Da na ɗora masa gilashin a tafin hannu ya murɗa, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce tun yana saurayi yake burin irinsa. Matarsa Inna Hajara ta leƙo daga soro ta ce, "Malam, kuɗin san huɗa ne fa za ka ɗaura a hancin kyamara." Ya ce, "Ke ba ki san aiki ba." Ya sayar da san, ya haɗa mini da tsohon gilashinsa. Wallahi tsohon gilashin nan ya ninka wanda na ba shi kyau.

Aikin farko da ya yi da shi walimar saukar karatu ce a gidan wasu malamai. An zaunar da tsohon malamin tsangayar a tsakiya, ɗalibai kewaye da shi. Hotunan suka fito dishi-dishi, ba a bambance fuskar malam da ta ɗalibi. Kafin a sake wani taron, tsohon ya rasu. Iyalansa ba su da wani hotonsa.

Na koma Getso bayan wata biyu don wani ciniki, ina ta kauce wa layin shagonsa, sai ga shi a gabana. Na riga na duba hanyar gudu. Amma ba faɗa ya kawo shi ba. Ya ja ni gefe, ya zaro hotunan daga aljihu, ya ce a hankali, "Ɗana, duba mini. Ina na yi kuskure?"

Na duba kamar mai nazari. Na ce, "Baba, gilashin nan ba ya ƙarya. Yaushe rabonka da a duba maka ido?"

Ya karɓi hotunansa. Can ya ce, "Dama na yi zargin haka."

Duk cikin abin da na aikata, wannan tambayar ce ba ta bar ni ba. Daga baya na ji ya sha rubutu, ya sa kwalli, ya je asibitin ido a Kano ya yanko tabarau. Ya sake gwadawa, hoto bai gyaru ba. Ba shi da wani gilashin da zai ɗaura ya ga bambanci, domin nasa yana jakata. Sai ya rufe shago. Shi da kansa ya aiko aka neme ni, ya miƙo mini gilashin a nannaɗe cikin farin ƙyalle, ya ce, "Kai wa mai ido. Bai kamata abu mai daraja ya lalace a hannun makaho ba." Na ba shi abin da bai taka kara ya karya ba. Har godiya ya yi mini.

Wannan gilashin na ɗauka na nufi Kabo da shi, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Ko'ina maganar yanke hannu ake yi. Na ji tsoro, amma na ce wa kaina ai ni ciniki nake yi.

Mai sayen sunansa Nasiru, mutumin Masanawa, yana da shago kusa da kasuwa. Tun gaisuwa ban yarda da shi ba. Ya cika fara'a. Ya saurari labarin Bature da kukunsa yana gyaɗa kai, bai taya ba, bai ce ya yi tsada ba. Ya aika aka kawo fura. Sannan ya ce, "Maigida, ni sabon hannu ne a irin wannan. Kai da ka san shi, ɗaura ka ɗauki Kawu da hannunka in ga yadda ake murɗawa."

Kawun nasa na zaune a benci a bakin ƙofa, kuma na lura bencin ya tare ƙofar. Na ce sauri nake yi. Kawu ya ce, "Saurin me, ga fura ba ka sha ba?" Na ɗauki Kawu hoton. Ashe Nasiru yana wanke hoton baƙi da fari a ƙuryar shagonsa. Ya shige da fim, ya bar ni da Kawu da fura.

Ya fito da hoto jiƙe yana ɗiga. Kawu ya karɓa ya juya shi sama da ƙasa ya ce, "Wannan ni ne ko buhun gero?"

Nasiru ya ce, "To maigida, yau hannun wa za mu zarga?" Ya sa tsinin wuƙa ya taɓa zoben rubutun, zoben ya faɗo ƙasa yana gangarawa.

A kotu alƙali ya ce wannan ba satar haddi ba ce, zamba ce da algus. Aka yi mini bulala, aka tura ni gidan yari. Masu hoto da dama sun zo sun ba da shaida. Malam Inuwa bai zo ba, domin shi bai san an cuce shi ba. Alƙali ya tambaye ni ko akwai sauran waɗanda na cuta. Na ce babu.

A gidan yari an haɗa ni ɗaki da wani dattijo mai yanar ido. Ni nake riƙe masa hannu zuwa alwala. Wata rana ya ce mini, "Yaro, ciwon ba rashin gani ba ne. Ciwon shi ne ka daina yarda da kanka." Ranar ban ci abinci ba. Na gane cewa masu shaidar nan dukiya na ɗauke musu, shi kuwa Malam Inuwa na makantar da shi alhali idonsa biyu lafiya. A nan na tuba, kuma ina roƙon Allah Ya karɓa.

Da aka sake ni, kafin in je Lakwaya sai da na sauka Getso. Na tarar shagon ya koma na katin waya. Maƙwabta suka ce ya bi babban ɗansa kudu shi da Inna Hajara. Wani ya ce Kaduna, wani ya ce ya wuce nan. Wata tsohuwa ta ce, "Mai hoton nan da idonsa ya mutu? Allah sarki." Na juya na kama hanyar Lakwaya.

Yanzu gyaran rediyo da tocila nake yi. Ina jin samari sun dawo neman tsofaffin gilasan nan na hannu, suna saye ta waya da kuɗi masu nauyi, wasu har suna zuwa tambayata ko sun kai kuɗinsu. Ga amsata a jere. Na gaskiyar yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Na ga hoton da Alhaji Sabo ya yi wa mahaifiyarsa da shi, har zaren mayafinta ana ƙirgawa. Amma Alhaji da ɗan Japan ya ciyar da gidansa ya je Makka. Wanda zai sayar da abin nomansa don rubutun bakin gilashi, bai sayi hoto ba, suna ya saya, kuma suna da gam ake manna shi. In dole sai ka saya, kada ka rabu da tsohon naka. Ka ɗauki abu ɗaya da su biyun ka jera. Ka sa mai sayarwa ya ɗauka da hannunsa. Duk wanda ya ce maka hajarsa ba ta ƙarya, kai ne mai laifi, ka riƙe aljihunka. Ku kuma da kuke ganin ƙaramin ha'inci ba komai ba ne, ku tuna ni da filasha na fara.

Saura roƙona. Kai mai karanta wannan, in ka san Malam Inuwa mai hoto na Getso, ko Inna Hajara, ko wani cikin 'ya'yansu, don Allah ka je da ƙafarka ka gaya masa idonsa lafiya lau yake, hannunsa bai taɓa kuskure ba, gilashin ne matacce. Tsohon gilashinsa yana wurina, ban sayar ba. In ya riga mu gidan gaskiya, ka gaya wa 'ya'yansa, su daina cewa makanta ce ta raba ubansu da sana'a.