Layi Bakwai na Bulon Toka

Babana Ɗan Azumi mutumin toka ne, kuma na sha jin kunyarsa, Allah Ya yafe mini. Duk unguwar Adjamé ta Abidjan an san shi da buhu a kafaɗa, daga gidan burodi zuwa wurin mata masu ƙyafe kifi, yana roƙon abin da kowa ke zubarwa.

A garinsu, can arewa da Agadas, akwai tashar wuta mai ƙona kwal. Tokarta tsibi-tsibi, ba mai so. Shi ya riƙa kwasowa, ya tankaɗe, ya haɗa da siminti kaɗan, ya buga bulo mai tauri. Da shi ya fara gina wa mahaifiyarsa, Kaka Zalihatu, ɗaki. Da gini ya kai layi bakwai sai ya ce mata:

"Inna, zan je Abidjan in samo kwanon rufi. Shekara ɗaya."

A 1991 ke nan. Ya yi dako a tashar jirgin ruwa, ya yi aure, aka haife mu biyar. Ina batun shekara ɗaya!

Farkon zuwansa ya hango tashar wuta bayan unguwar Treichville, ya ɗauki buhu ya je neman toka. Masu gadi suka yi ta dariya, wai su gas suke ƙonawa, ko cokali ɗaya babu. Bai haƙura ba, ya koma tokar itace. Duk Lahadi sai ya buga bulo a tsakar gida, ruwan saman Abidjan ya mayar da shi kunu. Na taɓa ce masa:

"Haba Baba! Ka bar wannan abu mana, ana yi mana dariya."

Ya ce, "Ikilima, in hannu ya manta, da me zan ƙarasa wa Inna?"

Kowace shekara yana shirin tafiya, kowace shekara wani abu ya taso. Kuma ya rantse ba zai koma babu kwano ba.

A 2006 Ibrahimu direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ɗan garinsu, ya same mu a gidanmu na layin Roxy da labarin rasuwar Kaka. Baba ya yi salati, ya zauna kan buhunsa. Can ya ce:

"Ginin fa?"

"Yana nan, layi bakwai, ko tsaga babu. A inuwarsa take zama da hantsi. Sau uku ƙannenka suna kawo magina tana korarsu. Cewa take, a bar shi, mai shi yana hanya."

Ranar na fara ganin hawayen babana. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kewarta, ni da ban taɓa ganin matar nan ba.

Ranar Lahadi na tashi da wuri na ajiye masa rariya da ruwa. Ya dube su, ya ce in mayar ɗaki.